Kiwon Ciyawa a Inkil

Ku da kuke zama gaban kwamfuta kuna juya hoton ƙwayar sinadari da ɗan yatsa, ta yi ja ta yi kore, sannan ku ɗago ku ce mini, "Mama, mun gama, ta shige gurbinta daram," ina taya ku murna. Ni ma ina son aikin da ake gamawa kafin shayi ya huce. Sai dai ciyawa ba ta kallon kwamfuta. Na tsufa a ɗakin gwaje-gwaje a nan Bauchi ina haɗa maganin ciyawa, kuma ban taɓa ganin tsiro ɗaya da ya mutu don hotonsa ya yi kyau ba. Ku gyara zama ku ji yadda muka yi namu.

Da aka ɗauke ni aiki, wurin Dakta Garba aka tura ni, ɗan Ƙofar Dumi, dogo siriri, mai ƙaramar murya da ƙaton taurin kai. Ranar farko na sa farar riga na goge takalmi, ina jiran a nuna mini na'ura. Sai ya nuna mini buhun dawa da tarin tsofaffin buhunan algarara, ya ce in jiƙa su.

Na ce, "Dakta, kunu za mu dama?"

Ya ce, "Saratu, in kin iya ma ba laifi. Amma yau saiwa muke so."

Ga abin da yake nema. Dawa ba ta da kirkin da kuke zato. A jikin siraran gashin saiwarta tana fitar da wani irin mai, rawaya-rawaya, ɗigo-ɗigo, wanda in ƙaramar ciyawa ta sha shi sai cin abinci ya gagare ta. Ganye da hasken rana yake girki, wannan kun karanta. A cikin koren nan akwai layin masu miƙa ƙarfin rana hannu zuwa hannu, kamar leburori masu miƙa kwanon siminti a wurin gini. Man dawa sai ya je ya tsaya a gurbin lebura ɗaya, ya ƙi karɓa, ya ƙi miƙawa. Ita kuwa rana ba wanda ya gaya mata an samu matsala, tana ta zubowa, har ganyen ya ƙone daga ciki. Dakta kan ce Allah ya riga ya haɗa maganin, mu kwaikwayo kawai muke yi.

Kwaikwayon ne ya cinye mini ƙuruciya. Mukan baza dawa a kan jiƙaƙƙen buhu, mu kulle ta a ɗaki mai duhu har ta tsiro, mu yanke saiwoyin, mu tsoma su cikin wani ruwan sinadari mai sa hawaye, mu zare da sauri. In ruwan ya bushe, abin da zai bari bai cika ƙaramin cokali ba. Ɓeraye sun fi mu cin ribar wannan aiki. Sannan ga wari. Ni 'yar kudancin Bauchi ce, tun ina yarinya na san abin da ake yi da dawar da ta tsiro, kuma ba ni kaɗai na sani ba. Masinjanmu duk sanda ya wuce ƙofa sai ya leƙo ya ce, "Dakta, in burkutun ta nuna a tuna da ƙananan ma'aikata." Dakta, mutumin da ba ya rasa sahun gaba a masallaci, sai ya yi kamar bai ji ba.

Shi man, in ka samo shi, ba ka samo komai ba tukuna. Ba ya shiga ruwa. In ka fesa shi sai ya zauna a bayan ganye ya ƙi shiga, in ya faɗi ƙasa sai ƙasa ta riƙe shi. A siffar ƙwayarsa yana da kai da doguwar wutsiya mai maiƙo. Kan ne ke toshe layi, wutsiyar ce ke hana shi tafiya. Aikinmu shi ne mu rage nan mu ƙara can, mu fitar da ɗan'uwansa da zai yi tafiya cikin ganye kuma bai manta aikin gidansu ba. Abin da kuke yi yau da danna maɓalli, mu makonni muke yi muna dafawa, muna tacewa, muna jira, kuma rabin lokaci abin da zai fito baƙin danƙo ne da ko sabulu ba ya fitar da shi daga kwalba.

Gwajin farko da alayyafo ake yi. Kowace safiya sai na biya kasuwa na saye shi ɗauri-ɗauri, har mai sayarwar ta fara tambayata ina gidan abincin nawa yake. Ƙanƙara kuma wurin wata mai zoɓo nake saye, don firjinmu ya fi yawan hutu a kan aiki. Bilendar da muke niƙa da ita ta Hajiya matar Dakta ce, ya aro ta da alkawarin zai mayar da yamma, kuma ina jin har yanzu yammar ba ta yi ba. Za ka niƙa ganyen cikin sanyi, ka tace da ƙyalle, ka zuba koren ruwan a siraran kwalabe, ka ɗiga wani shuɗin rini, ka sa a haske. In ganyen yana aikinsa, shuɗin zai gushe. In maganinka ya toshe layi, shuɗin zai tsaya. In wuta ta ɗauke sai mu kwashi kwalabe mu fita tsakar rana. Ka zo ka ga manya biyu da takardun makaranta, tsugune a kan siminti, gumi na zuba, suna lallashin ruwa kada ya sauya launi.

Dakta ba ya son lambobi, sunaye yake raɗa musu. Akwai Malalaciya, wadda ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Akwai Mahaukaciya, wadda ta kashe ciyawa, ta kashe masarar da ke gefenta, kuma da mun bar ta da ta ci tukunyar. Sai Guntuwa, wadda muka datse wa wutsiya har kusan rabi. Ranar da muka gwada ta, shuɗi ya tsaya cak kamar an kafa shi. Dakta sai ya aika aka sayo tsire.

Tun ba mu da abin sayarwa masu saye suka fara zuwa. Wani manomi ya ce yana son wanda zai fesa da hantsi ya ga gawa da la'asar. Dakta ya bayyana masa cewa namu sai ya yi kwanaki, kuma sai da rana mai ƙarfi yake ci. Mutumin ya ce, "Wato rana ce za ta yi aikin, ku kuma a yi muku godiya?" Dakta ya ce kusan haka ne. Wani kuma ma'aikaci ne da ya yi sabon gini a Gwallameji, ya zo da ƙaramar kwalba a aljihu, wai darbejiyar maƙwabcinsa tana zubo masa ganye a tsakar gida, kaɗan kawai yake so. Dakta ya ce ya je ya gaida maƙwabcin su yi magana. Ya tashi yana cewa shi bai taɓa jin gaisuwa ta busar da bishiya ba.

To, Guntuwa ta yi kyau a kwalba, ta yi kyau a tukwane. Amma tukunya ba gona ba ce, kuma ba wanda zai saurare ka sai ka nuna abin da maganinka ya yi a ƙarƙashin ruwan sama na gaske. Rani guda muka kwashe muna haɗa wadda za ta isa feshi, duk ba ta wuce kwalbar lemo ɗaya ba. A ƙarshen wannan shekarar Dakta zai yi ritaya, kuma shugaban sashenmu ya riga ya fara shigowa ɗakinmu yana auna bango da ido, don yana son ofis mai taga biyu. In mun kawo sakamakon gona, aikin zai ci gaba a hannuna. In ba mu kawo ba, an rufe maganar. Damina ɗaya muke da ita da kwalba ɗaya.

Gonar da muka samu ta Baba Sale ce a Inkil, a bakin hanya. Mahaifin Dakta maƙeri ne, shi ya riƙa ƙera wa Baba Sale fartanya, saboda haka ba yadda za a yi ya ce a'a. Wannan dattijo kuwa sunansa a noma ya yi shi. Gonarsa ce iyaye ke kawo malalatan 'ya'yansu su nuna musu. Tun yana saurayi ba a taɓa ganin ciyawa ta kai idon sawu a cikinta ba.

Na kafa turaku na ja igiya, na ce, "Baba, kashi uku ne. Nan mu fesa namu, can na kasuwa, na ukun ba a fesa komai. Shi muke kira shaida, da shi ake gane abin da magani ya yi. Duka ukun kada fartanya ta taɓa su sai mun zo mun ƙirga."

Ya ce, "Ku ƙirga me?"

"Ciyawa, Baba."

Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "'Yar nan, gwamnati ke biyanki ki ƙirga ciyawa?"

"In ta tuna, Baba."

Sai Dakta ya ƙara abin da ya kashe mu. Yana tsoron masu shagunan magani su ji labari, yana tsoron a ce muna zuba guba a ƙasar mutane, saboda haka ya kama hannun dattijon ya ce, "Malam Sale, wannan magana tsakaninmu. Ko iyalinka kada su ji." Baba Sale ya rantse. A mota na ce wa Dakta gara a gaya wa maƙwabta. Ya ce ni yarinya ce, ban san mutane ba.

Masara ta fito, muka fesa. Ruwa ya zauna, shaida ta zama daji. Tafasa, kashin yawo, zaƙi-banza, harkiya, duk wanda Baba Sale ya kora shekara da shekaru ya dawo da iyalinsa. Ga hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, Guntuwa kuma ba ta aiki sai da rana, saboda haka ɓangarenmu ma kore shar yake, sai bakin ganyen da ya fara yin rawaya in ka durƙusa ka duba. Daga hanya abin da ake gani kawai shi ne gonar Baba Sale ta lalace.

Mutane suka fara gaishe shi da "ya jiki?" Ya ce lafiyarsa ƙalau, sai su kaɗa kai su ce Allah ya ƙara sauƙi. Mata suka shigo tsinkar tafasa, ya kore su da sanda saboda feshin, kuma ba halin ya faɗi dalili. Nan aka tabbatar tsufa ya taɓa masa kai, tunda ga mutum ba ya nome ciyawa kuma ba ya bari a ci. Duk zuwan da na yi sai na tarar ya ƙara ramewa.

"Malama Saratu, in ɗan sassabe gefen titin kawai? Inda ido ke gani?"

"Baba, ko tsinke ɗaya."

"Ke ba a nan kike sallah ba, shi ya sa."

Ana cikin haka aka yi masa rasuwa a Darazo, ya tafi ta'aziyya. A makon ne rana ta buɗe, kuma a makon ne za mu ƙirga. Na hau acaɓa da sassafe, na rungume katakon nan mai kusurwa huɗu da muke ajiyewa a ƙasa mu ƙirga abin da ke cikinsa, Dakta zai biyo ni a mota. Tun kafin mu sha kwanar ƙarshe na ji ganga. Ɗan acaɓan ya ce, "Kai, yau akwai gayya a nan. Wani ya ji daɗi."

Maza ne jere reras, fartanya na tashi tare tana sauka tare, makaɗi na bin bayansu yana wasa su. Sun riga sun wuce shaida, sun wuce na kasuwa, suna ƙarshen namu. Na diro tun babur bai tsaya ba ina ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!" Malam Iliya, maƙwabcin Baba Sale, wanda ya haɗa gayyar, ya taro ni da fara'a.

"Malama, sannu da zuwa. Kin ga abin da muka yi wa dattijo? Mutumin da ya yi wa kowa gayya a garin nan, mu zuba ido gonarsa ta mutu? Shi kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba. Shi ya sa muka jira ya yi tafiya."

Na ce, "Ina turakuna?"

"Waɗannan itatuwan? Ai su suka dafa kunun. Igiyar ga ta can mun naɗe miki, ba abin da ya same ta."

Ciyawar kuwa an tattara ta gefe tsibi-tsibi, ta shaida da ta Guntuwa da ta kasuwa duk a cakuɗe, wanda ya halicce su ne kaɗai zai iya rabawa.

Dakta ya iso. Ya fito daga mota ya tsaya. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Gonar fes, ƙasa ja tana ƙyalli, masara na kaɗawa, ban taɓa ganin noma mai kyau irin wannan ba. Makaɗi ya hango babban mutum ya matso yana wasa shi. Kowa ya ajiye fartanya yana jiran abin da baƙo zai ce. Kun san ba a zagin gayya. Mutanen nan sun bar nasu gonakin sun zo tun asuba, ba don a ba su komai ba. Dakta ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci." Aka ce amin da ƙarfi. Aka miƙo masa kunu a ludayi, ya shanye tas. Ni dai na zaga bayan mota na yi kuka mai isata, baƙin ciki kamar ya kashe ni, wata tsohuwa kuma ta biyo ni tana bubbuga bayana tana cewa ita ma abin ya taɓa mata zuciya.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Dakta ya yi ritaya hannu wofi. Shugaban sashe ya samu tagoginsa biyu. Ni aka mayar da ni wani ɗan sito kusa da janareta, da bilenda da kwalabena, aka ce in riƙa shirya wa ɗalibai kayan darasi.

Bayan an yi girbi Baba Sale ya sa babbar riga ya zo Ƙofar Dumi, Dakta ya aika aka kira ni. Muka zauna a zaure. Dattijon ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na dawo na ga gonar, barcin da na yi ban taɓa yin irinsa ba. Sai da safe na tuna da ku." Ya juya wurin Dakta. "Garba, ubanka bai taɓa ba ni fartanyar da ta karye a hannuna ba. Ni kuma na karɓi amanarka ta karye. Baɗi ku dawo. Amma ka sake ni daga rantsuwa, bakina zan yi amfani da shi."

Dakta ya ce, "Malam Sale, ba mu da ɗaki, ba mu da magani."

"Wannan kuma naku ne. Ni gona gare ni."

Haka muka sake wani ranin. Dawa ta tsiro a zauren Dakta, a lungun da kowane gida akwai malami, ku ƙiyasta irin kallon da ya sha. Ni kuma ina dafawa ina tacewa a sitona in ɗalibai sun tashi. Ba wanda ya sa mu, ba wanda ya hana mu, don ba wanda ya san muna yi.

Da damina ta faɗi, Baba Sale ya miƙe a masallaci bayan sallah ya yi wa jama'a bayani: lafiyarsa lau, hankalinsa lau, ciyawar da za su gani da gangan ce, duk wanda ya taɓa ta shi da shi. Ya ɗauka hakan zai wanke shi. Ashe mara lafiya ana tausaya masa ne, amma mai lafiyar da ya shimfiɗa buzu a gindin bishiya da sanda yana gadin kashin yawo, dariya ake yi masa. Kafin masara ta kai gwiwa an raɗa masa Sale Mai Kiwon Ciyawa. Masu wucewa a kan keke su ɗaga murya su ce, "Baba, ya garken? Sun ƙoshi?" Iyaye suka ci gaba da kawo 'ya'yansu bakin gonar, amma yanzu don su ga ƙarshen wanda ya biye wa 'yan boko. Bai tashi daga gindin bishiyar nan ba har ranar da muka zo da katakonmu.

Muka ƙirga, ni a durƙushe, Dakta a tsaye da lema. Guntuwa ta ƙone tafasa, ta ƙone zaƙi-banza da kashin yawo, duk mai faɗin ganye ya bushe ƙayau, kuma ba ta taɓa masara ba. Amma harkiya da danginta masu siririn ganye ko a jikinsu, sai ma suka samu fili suka baje. Manomin da ya fesa ta sai ya sake ɗaukar fartanya. Ba maganin da za a kai kasuwa ba ne, ba kuma sakamakon da zai dawo mana da ɗaki ba ne. Dakta ya ce ƙafarsa na ciwo, ya tafi ya zauna a mota. Ni ya bari da dattijon.

Na je gindin bishiya na durƙusa. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

"Ya ci, 'yar nan?"

"Rabi, Baba."

"Rabi."

"Masu faɗin ganye sun mutu. Harkiya ta ƙi."

Ya daɗe yana kallon gonar. Wani mai keke ya wuce ya yi kukan akuya, Baba bai ko waiwaya ba.

"Wato sunan da na yi shekara da shekaru ina nomawa, a kan rabin magani na zubar da shi."

"Ka yafe mana, Baba."

"Ɗaya rabin fa? Yana ina?"

Na ce sai mun koma mun sake taɓa wutsiyar, ko mu gyara kan, kuma zai iya ɗaukar shekaru, zai iya ƙin yi gaba ɗaya.

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kaɗe buzunsa ya naɗe.

"To ku yi sauri, ni ba yaro ba ne. Sunan dai ya riga ya tafi, ko na nome ta yau ba zai dawo ba. Kada a yi asararsa a banza. Ki bar turakun a inda suke."